Karatu da Kwabo: Labarin Yaran Baƙar Fata a Makarantun Amurka

Yawancinmu idan aka ambaci Amurka, abin da yakan zo mana a rai shi ne ƙasar da kowane yaro yake da makaranta kyauta, da littattafai, har da motar da za ta kai shi ta komo da shi gida. Wannan kuwa gaskiya ne. Tun daga shekara biyar ko shida har yaro ya gama sakandare, makarantar gwamnati ba ta karɓar kuɗin karatu daga hannun iyayensa. Amma akwai wani abin da ya daɗe yana ci wa iyaye da malamai tuwo a ƙwarya a can, watau bambancin da ke tsakanin yaran baƙar fata da na farar fata wajen cin jarrabawa. Ƙasarsu ɗaya, harshensu ɗaya, wani lokaci ma garinsu ɗaya, duk da haka in aka auna karatunsu sai a tarar da rata mai faɗi a tsakani.

Gwamnatin ƙasar tana da wata jarrabawa ta gwaji wadda aka soma a 1969. Ba domin a ba yaro takardar shaida ake yinta ba, sai domin a san inda ilimin ƙasa ya dosa. A 1971 wannan jarrabawa ta nuna yaran baƙar fata 'yan shekara 17 suna bayan tsararsu fararen fata da maki 53 a fannin karatu. Kafin 1988 ta wuce, ratar ta ragu ta koma maki 20. Daga nan sai abin ya cije. A 2022 'yan aji huɗu na firamare fararen fata sun sami maki 227, baƙaƙe kuwa 199.

Muna so mai karatu ya lura da shekarun nan guda biyu, 1971 da 1988. Akwai mutanen da suka yi ta cewa wai bambancin a jini yake, haka aka halicci wasu. Amma jinin al'umma ba ya sakewa cikin shekara 17. Abin da ya sake a lokacin shi ne makarantun da yaran suke shiga, da ilimin iyayensu, da abin da ke shiga aljihun gidajensu. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka bari mu koma baya kaɗan.

A zamanin bauta jihohin kudu da dama sun kafa dokar hana koya wa bawa rubutu da karatu. Bayan an soke bauta a 1865, 'yantattun bayi suka yi ta tururuwa zuwa makaranta, tsofaffi da yara, galibi a cikin ɗakunan sujada, gama ba su da wani gini sai shi. Amma a 1896 Kotun Ƙoli ta yarda a ware jinsi da jinsi, muddin dai an ce abin da aka ba kowa daidai ne. A baki ne kawai ya zama daidai. Makarantar baƙaƙe ita ce mai yoyo, ita ce ke gadon tsofaffin littattafan da fararen fata suka gama da su, malaminta kuma shi ne mai ƙaramin albashi.

Iyayen ba su naɗe hannu ba. Daga 1912 zuwa 1932 wani attajiri mai suna Julius Rosenwald, tare da shawarar malamin nan Booker T. Washington, ya taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 a ƙauyukan kudu. Sharaɗinsa shi ne mutanen gari su ma su kawo nasu. Da aka yi lissafi a ƙarshe, sai aka ga abin da talakawan baƙar fata suka tara, manoma da masu wanki da 'yan ƙodago, ya ɗara abin da attajirin ya bayar. Wanda duk ya ce iyayen nan ba su damu da karatun 'ya'yansu ba, bai san wannan labari ba.

A ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙoli ta rushe dokar ware makarantu. Zartar da hukuncin ya zo da wuya ƙwarai. A 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya aika da soja garin Little Rock kafin yara tara su iya shiga aji. A 1960 wata yarinya 'yar shekara shida, Ruby Bridges, ta yi kusan shekara guda ita kaɗai a aji tare da malamarta a New Orleans, domin sauran iyaye sun kwashe 'ya'yansu. Wata gunduma a jihar Bajiniya ta gwammace ta rufe dukan makarantun gwamnati daga 1959 zuwa 1964 da a ce yara sun zauna tare. Akwai kuma wata hasarar da ba a cika faɗinta ba: sa'ad da aka haɗe makarantu, dubban malamai da shugabannin makarantu baƙar fata ne suka rasa aikinsu.

Inda kuɗin makaranta yake fitowa

A nan ne gizo yake saƙar, kuma abin zai ba mai karatu mamaki. A Amurka gwamnatin tarayya ba ta biyan fiye da kashi goma cikin ɗari na kuɗin makarantu a yawancin shekaru. Sauran yana fitowa ne daga jiha da kuma gunduma, kusan rabi da rabi. Rabon gunduma kuwa yawancinsa daga harajin gidaje da filaye ake tara shi. Ma'anar wannan ita ce, unguwar da gidajenta suke da tsada, makarantarta takan yi ƙiba. Unguwar da gidajenta ba su da daraja, makarantarta takan rame.

Ga misali daga birnin San Antonio a jihar Teksas. A wajen 1968 gundumar Edgewood, inda yawancin mazauna 'yan asalin Meksiko ne, ta ɗora wa kanta haraji mai nauyi fiye da na gundumar masu kuɗi ta Alamo Heights. Duk da haka abin da harajin ya kawo wa kowane yaro a Edgewood dala 26 ne, a Alamo Heights kuwa dala 333. Bayan jiha da tarayya sun ƙara nasu, yaron Edgewood ya tashi da dala 356, ɗaya yaron da dala 594. Wani uba mai suna Demetrio Rodriguez da waɗansu iyaye suka kai ƙara. A 1973 alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce wannan tsari bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba. Shekara guda bayan haka, a shari'ar birnin Detroit, kotun ta hana a tilasta haɗa yaran cikin birni da na unguwannin masu hali da ke kewaye da shi. Tun daga lokacin jihohi da yawa sun gyara rabon kuɗinsu, galibi bayan kotunan jiha sun matsa musu, amma har yanzu inda gidan yaro yake shi ne ke nuna makarantar da zai shiga.

To, me ya sa gidajen baƙaƙe ba su da daraja? Tun daga shekarun 1930 hukumomin gwamnati suka zana taswirar birane, suka shafa jan launi a kan unguwannin baƙaƙe, alamar cewa ba da rancen gida a nan kasada ne. Fararen fata miliyoyi suka sami rance mai sauƙi suka sayi gidaje a sababbin unguwanni, inda sau da yawa aka rubuta cikin takardar ciniki cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Sai a 1968 aka yi dokar hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Kafin nan tsara guda ta riga ta mallaki gidaje, ta bar wa 'ya'ya gado. A binciken da Babban Bankin Amurka ya yi a 2022, dukiyar gidan farar fata mai matsakaicin hali ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kuwa dala 44,900.

Ba albashi muke magana ba, dukiya muke nufi, watau abin da ya rage wa gida in an cire bashi. Ita ce takan sa uba ya iya ƙaura zuwa unguwa mai makaranta mai kyau. Ita ce takan hana a kori iyali daga gidan haya a tsakiyar zangon karatu sa'ad da uwa ta kwanta ciwo. Yaron da ya sake makaranta sau uku cikin shekara biyu, yaya zai yi daidai da wanda yake zaune wuri ɗaya da ɗakin karatunsa?

Tun a 1966 wani babban bincike da James Coleman ya jagoranta, wanda ya shafi yara fiye da 600,000, ya nuna halin gidan da yaro ya fito ya fi ginin makaranta tasiri a kan karatunsa. Waɗansu suka ɗauki wannan hujjar cewa ƙara wa makaranta kuɗi ɓarna ce. Binciken baya ya nuna ba haka ba ne. A 2016 masana uku, Jackson da Johnson da Persico, suka bi sawun yara har suka girma, suka tarar cewa ƙarin kashi goma cikin ɗari na kuɗin makaranta, in ya ɗore shekara goma sha biyu, yakan ƙara wa ɗan talaka kusan rabin shekara na karatu, ya kuma ƙara masa kusan kashi goma cikin ɗari na albashi. Jihar Misisipi ma, wadda take cikin mafi talauci, ta yi doka a 2013 ta horar da malamanta yadda za su koya wa yara haɗa baƙi da wasali daki-daki. A shekarar tana ta 49 a karatun 'yan aji huɗu. A 2024 ta zama ta tara.

Koya wa yaro riƙon kuɗi

Ganin yadda karatu da dukiya suke ɗaure da juna, mutane da yawa a Amurka suka ce a shigar da darasin riƙon kuɗi cikin makaranta. Jihar Utah ce ta fara wajabta shi, yanzu kuwa fiye da rabin jihohin ƙasar sun yi dokar cewa sai yaro ya yi wannan darasi kafin ya gama sakandare. Ana koya masa yadda zai tsara abin da ya samu da abin da zai kashe, da yadda ruwan bashi yake hauhawa, da ma'anar inshora da haraji.

Dalilin a fili yake. A unguwannin talakawa akwai shagunan ba da rancen gaggawa, waɗanda sukan karɓi dala 15 a kan kowace dala 100 na mako biyu. Ga ido kaɗan ne. Amma mako biyu sau 26 ne a shekara, saboda haka wanda ya yi ta sabunta bashin zai biya dala 390 ruwa kaɗai, uwar kuɗin kuma tana nan a wuyansa. Yaron da aka nuna masa wannan lissafi a allo, da wuya ya faɗa ramin da ido rufe.

Ko darasin yana aiki? Masana sun yi gardama a kai. Wani nazari na 2014 ya ce amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, kuma yakan shuɗe a hankali. Wani na 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje 76 daga ƙasashe 33, ya ce lalle yana ƙara sani, yana kuma gyara hali gwargwado. A jihohin Jojiya da Teksas an ga matasan da suka yi darasin sun fi waɗanda suka riga su biyan bashi a kan kari. A ganinmu darasin yana da amfani, musamman in an koyar da shi kusa da lokacin da yaro zai fara riƙe kuɗi da hannunsa.

Amma kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Akwai masu magana kamar dai rashin iya tattali ne ya sa baƙaƙe suke baya, in an koya musu shi ke nan. Wannan zance bai yi adalci ba. Masana irin su William Darity da Darrick Hamilton sun nuna a 2015 cewa mai gida baƙar fata da ya gama jami'a, dukiyarsa ba ta kai ta farar fatar da bai ko gama sakandare ba. Ilimi bai rasa ba, gado ya rasa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba kuma yau baƙaƙen Amurka suka fara ajiya ba. A watan Maris 1865 majalisar ƙasa ta kafa bankin ajiya domin 'yantattun bayi. Sojoji da masu aikin gida da ƙungiyoyin ikkilisiya suka kai 'yan kuɗinsu, da yawa suna zaton gwamnati ce ta tsaya wa bankin. Masu riƙon amanar bankin, fararen fata, suka ba da rance ga abokansu ba tare da jingina ta kirki ba. A 1874 aka naɗa Frederick Douglass shugaba domin a kwantar da hankalin jama'a, har ya zuba dala 10,000 daga aljihunsa, amma bankin ya riga ya ruɓe. Cikin shekarar ya rushe, mutane fiye da 61,000 suka shiga hasarar kusan dala miliyan uku, abin da aka mayar musu daga baya kuwa bai cika ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har a 2023 kusan gida ɗaya cikin goma na baƙaƙe ba shi da ajiya a kowane banki, a wajen fararen fata kuwa kusan ɗaya cikin hamsin.

Wadda ta fi burge mu a wannan labari ita ce Maggie Lena Walker ta birnin Richmond. Uwarta wanki take yi, ita kuma tana yarinya takan kai wa masu kaya tufafinsu. Ta yi koyarwa shekara uku, sa'an nan ta shugabanci wata ƙungiyar taimakon juna mai kula da marasa lafiya da jana'iza. A 1903 ta buɗe banki mai karɓar ajiyar ko da kwabo ɗaya. Ta raba wa yara ƙananan asusu su riƙa jefa kwabo. In ya cika ɗari, sai yaro ya zo banki a buɗe masa littafin ajiya da sunansa. Da kuɗin talakawan nan bankin ya ba da rance, iyalai ɗaruruwa suka mallaki gidajensu. Ta haɗa abu biyun da ake gardama a kansu yau: ta koya wa yaro, ta kuma ba shi wurin da zai sa kuɗin.

Mu ma wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Asusun ƙasa da adashi mun gaje su, har ma baƙaƙen tsibiran Karebiyan da ke zaune a New York suna yin irin adashinmu, suna kiransa susu. Abin da yakan rage a gidajenmu shi ne bayani. Muna aiken yaro kasuwa, amma ba mu cika zama da shi mu lissafta canji tare ba. Muna ɓoye masa yawan kuɗin makarantarsa, sa'an nan mu yi fushi in ya yar da littafi. Masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun ce a 2013 yawancin halayen yaro game da kuɗi sukan fara kafuwa kafin ya wuce shekara bakwai. Yarinya 'yar aji uku tana iya riƙe littafin da ake rubuta cefanen mako. Ɗan aji shida yana iya lissafta cewa naira 10,000 da aka ranta da ruwan kashi goma a wata, in ba a biya kome ba ruwan kuma yana hawa kan ruwa, za ta wuce naira 31,000 a ƙarshen shekara. Ya kamata kuma a gaya masa gaskiya cewa kuɗin da ya daɗe a asusu tsadar kaya takan cinye shi, shi ya sa kakanninsa sukan fasa asusu su sayi kaza, kaza ta zama akuya. Duk wannan lissafi ne, yaron da ya saba da shi a gida kuwa ba zai ji tsoronsa a aji ba.

Akwai wani gwaji da ya nuna yadda abu biyun suke tafiya tare. Daga 1962 a garin Ypsilanti na jihar Mishigan aka ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata, aka sa 58 a makarantar share fage, malamai kuma suna ziyartar iyayensu mata a gida kowane mako. Ba a koya musu kome game da banki ba. Da suka kai shekara 40, kashi 76 cikin ɗari na waɗanda suka shiga suna da ajiya a banki, sauran kuwa kashi 50.

Yanzu waɗansu hukumomi sun koma kan dabarar Maggie Walker, sai dai su ne suke jefa kwabon farko. A 2007 jihar Oklahoma ta yi gwaji, aka zaɓi jarirai ta hanyar ƙuri'a aka buɗe wa kowane ajiyar karatu ta dala 1,000. Daga baya aka tarar iyayensu mata sun fi sauran sa rai 'ya'yansu za su yi karatu mai zurfi. Birnin San Faransisko tun 2011 yake buɗe wa kowane yaron da ya shiga ajin farko na makarantar gwamnati ajiya da dala 50, malamai kuma sukan kai yara banki su zuba nasu da hannunsu. Rukunin farko sun gama sakandare a 2023. Jihar Connecticut ta wuce haka. Daga 1 ga Yuli 2023, kowane jaririn da aka haifa a ƙarƙashin shirin lafiyar marasa hali ana ajiye masa dala 3,200, jiha tana juya kuɗin. Ba zai taɓa su ba sai ya kai shekara 18, sai kuma ya yi darasin riƙon kuɗi, kuma ba zai kashe su ba sai a kan karatu, ko sayen gida, ko jarin sana'a, ko tanadin tsufa. Jariran farko za su kai shekarun karɓa a 2041.